Yadda ake dafa sosej ɗin Italiyawa da tattasai da albasa a tukunyar lantarki mai dafawa sannu-sannu

Wanda ya taɓa bi ta titin Mulberry a birnin New York cikin watan Satumba, lokacin da Italiyawa ke bikinsu na San Gennaro, ya san ƙamshin da zan yi magana a kai. Tun 1926 ake wannan biki, kuma har yau abin da ya fi cika titin shi ne rumfunan masu soya sosej a kan faffaɗan farantin ƙarfe, ga tulin albasa da tattasai a gefe suna ta laushi a cikin mai. A tsaga dogon burodi, a jefa sosej, a labta albasa a kai, a miƙo. Abincin jikokin mutanen kudancin Italiya ne, irin su Naples da Sisili da Kalabriya, waɗanda suka kwararo Amurka tsakanin 1880 da 1920.

Ni dai ƙamshin kawai nake shaƙa in wuce, domin sosej ɗin Italiyawa na asali da naman alade ake yinsa. Wata dattijuwa maƙwabciyata, wadda kakanninta daga Sisili suka zo, ita ta warware min zancen. Ta ce ɗanɗanon da ake ji har a ce wannan na Italiyawa ne, daga shammar ɗin da ke ciki yake fitowa, wato 'ya'yan wani tsiro masu ƙamshi, ba daga naman ba. Tun daga ranar nake yinsa da naman saniya ko na talo-talo, kuma saboda hidimar aiki na koma yinsa a tukunyar lantarki: in haɗa da azahar, kafin isha abinci ya nuna.

Wannan tukunya Amurkawa sun fi kiranta da sunan Crock-Pot, wanda kamfanin Rival ya fito da shi a 1971, ko da yake wani mai suna Irving Naxon ne ya ƙirƙiro ta tun da farko don dafa wake. Kwanon tangaran ne mai kauri da ke zaune cikin gidan ƙarfe, yana ɗumama a hankali har ya kai gab da tafasa, sai ya tsaya nan. Abu biyu kacal nake so uwargida ta riƙe game da ita. Ba ta soya abu ya yi ja, kuma ruwan da ya shiga cikinta ba ya ƙafewa, domin tururin da ya tashi yana bugun murfi ne ya koma ciki. Duk dabarun da ke ƙasa daga waɗannan biyun suka samo asali.

Kayan aiki

Tukunyar mai cin lita 5 zuwa 6. Kaskon suya mai nauyi. Wuƙa mai kaifi da katakon yanka. Cokalin katako. Idan kina da ma'aunin zafin nama, wanda ake soka wa a ciki, ki ɗauko shi. Idan babu, wuƙa ma za ta yi aikin.

Kayan haɗi, na mutum 5 zuwa 6

Ɗanyen sosej kilo 1, wato kamar guda 8 zuwa 10
Manyan tattasai 4: ja 2, kore 1, rawaya 1
Manyan albasa 2
Tafarnuwa ƙwaya 5
Markaɗaɗɗen tumatir gwangwani 1 mai giram 400, ko ɗanyen tumatir 5 da aka jajjaga
Tumatirin gwangwani mai kauri, babban cokali 2
Man zaitun babban cokali 2, ko man gyaɗa
Romon nama ko na kaza, rabin kofi
Ruwan khal babban cokali 1
Busasshen ganyen origano ƙaramin cokali 1, idan babu a sa tayim
Gishiri da masoro

Zaɓen sosej, inda aka fi yin kuskure

A shagunan Amurka za ki tarar da shi iri biyu: wanda aka rubuta wa sweet ko mild, da wanda aka rubuta wa hot. Kada kalmar farko ta ruɗe ki, ba zaƙi ne da shi irin na alewa ba, barkono ne kawai babu. Na biyun yana da dakakken jan barkono, amma ga harshen da ya saba da attarugu, yajin nasu wasan yara ne. Ni rabi da rabi nake haɗawa.

Abin lura na gaske shi ne fatar. Sosej niƙaƙƙen nama ne da aka ɗura cikin hanji, kuma sau da yawa sai ki ga naman ciki na kaza ne ko talo-talo, amma hanjin da aka ɗura shi na alade ne. Na taɓa sayen fakiti biyu na kaza ina murna, sai da na iso gida na juya bayan ledar na ga an rubuta hakan da 'yan ƙananan haruffa. Haka na miƙa wa maƙwabta. Don haka a karanta bayan leda har ƙarshe, ko kuma a tafi wajen mahautan halal a tambaye su kai tsaye. Hanjin tunkiya yana da kyau. Akwai kuma fatar da ake yi a masana'anta daga fatar dabba, ita ma a tambayi ta wace dabba ce.

Kada a yi wannan girki da hot dog, ko irin siraran sosej ɗin nan na leda da ake yanka wa a kan soyayyar taliya. Waɗancan dafaffu ne tun daga kamfani, naman ya niƙu lukui, idan suka yi awa biyar a tukunya sai su kumbura su zama kamar soso. Ɗanye ake so, mai ɗan gari-gari. 'Yan'uwa na Nijar da Chadi da suka saba da margez, wato sosej mai yaji na naman rago ko saniya, shi ma zai yi, sai dai siriri ne, ba ya buƙatar daɗewa, kuma ɗanɗanon zai karkata zuwa na Larabawan Magrib.

Idan ba a samu ba, a haɗa a gida

A gaskiya yanzu wannan hanyar na fi bi, ta fi arha kuma hankalina ya fi kwanciya. Ki sa mahauci ya niƙa miki kilo 1 na naman saniya, amma ki ce masa ya bar kitse, kamar kashi ɗaya cikin biyar na nauyin. Mu mun saba da cewa a cire mana kitse, to a nan akasin haka ake so: sosej marar kitse bushewa yake yi ya zama kamar ƙuli-ƙuli.

Ki ɗauki shammar babban cokali 1, ki soya shi a busasshen kasko minti ɗaya ko biyu har ƙamshi ya tashi, sannan ki daka shi sama-sama a turmi. Kada ya zama gari, ana son haƙori ya riƙa cin karo da shi. Masu sayar da kayan ƙamshi da shagunan magungunan Musulunci suna da shammar. Ki kula kada a ba ki hulba, ba ɗaya ba ne, ita ɗaci gare ta. Idan shammar ya gagara, yansun ƙaramin cokali 2 zai maye gurbinsa.

Ki zuba shi a naman, tare da gishiri babban cokali 1 a shafe, garin busasshen tattasai babban cokali 1, dakakkiyar tafarnuwa ƙwaya 4, masoro ƙaramin cokali 1, barkono daidai son ranki, ruwan khal cokali 1, da ruwa mai sanyi ƙarara cokali 4. Ki cuɗa da hannu minti uku zuwa huɗu, har ki ji naman ya yi danƙo yana manne wa tafinki. Wannan danƙon shi zai riƙe shi tunda babu fata. Ki ɗebi ɗan loma ki soya ki ɗanɗana, ki gyara gishiri tun yanzu. Sai ki mulmula shi dogo-dogo, kaurin yatsu biyu, tsawon tafin hannu, ki jera a faranti ki sa a firij aƙalla awa ɗaya. Idan ya kwana ma ya fi daɗi.

Matakan girkin

1. A tabbatar naman ya saki. Kada a taɓa jefa ƙanƙararren nama daga firiza cikin wannan tukunya. Tana ɗaukar lokaci kafin ta yi zafi, kuma tsakanin digiri 5 da 60 a ma'aunin Salsiyos ne ƙwayoyin cuta suka fi hayayyafa. Ƙanƙararren nama zai daɗe a wannan tsakani. A sauko da shi ƙasan firij tun daren jiya.

2. A yanka kayan lambu da kauri. Tattasai a cire 'ya'yan da farin jijiyar ciki, a yanka a tsaye, faɗin babban yatsa. Albasa a raba biyu a yanka da kauri, kada a yi mata siririn yankan da ake yi wa kwaɗo, domin narkewa za ta yi a nemi ta a rasa. Ki ware kashi ɗaya cikin uku na tattasan ki ajiye gefe, za mu dawo kansa. Koren yana da ɗan ɗaci-ɗaci, ja da rawaya sun fi zaƙi, shi ya sa ake gauraya su. Idan ja kawai kika samu, ki yi da shi. Tattasanmu na gida ma yana yi, amma fatarsa ba ta kai ta waɗannan kauri ba, sai a ƙara yawansa kuma a ƙara faɗin yankan.

3. A soya sosej ya yi ja. Za ki ga masu cewa a zuba komai ɗanye a kunna kawai. Na gwada. Ya nuna, amma fari fat ya fito, fatar ta yi yauƙi, mai kuma ya taru a sama kamar tafki. Minti goman da za ki yi a gaban kasko shi ne rabin daɗin abincin. Ki sa mai cokali 1 a kan wuta matsakaiciya, ki jera sosej ɗin ba tare da sun matsu ba, gara ki yi zubi biyu. Ki bar kowane gefe minti biyu zuwa uku kafin ki juya. Ba dafa shi ake yi ba a nan, launi kawai ake nema, ciki ya zauna ɗanye. Kada ki soke shi da cokali mai yatsu, ruwan da ke cikinsa zai tsiyaye. Idan wuta ta yi yawa fatar za ta fashe. Wanda aka mulmula a gida kuwa, a yi masa a hankali, kada a taɓa shi sai ƙasan ya kama ya saki kasko don kansa.

4. A kwashe ƙanzon kasko. Bayan kin tsame sosej, ki rage man ya saura kamar cokali ɗaya. Ki zuba rabin albasar ki juya minti uku, ki sa tafarnuwa da tumatir mai kauri, ki soya minti ɗaya har ya ɗan yi duhu, tsaminsa ya mutu. Sai ki zuba romon nan rabin kofi, ki kankare duk abin da ya kama a gindin kasko da cokalin katako. Italiyawa da giyar inabi suke wannan kankara. Mu romo da cokalin khal ɗin da za mu sa a ƙarshe sun wadatar.

5. A jera a tukunya. Ɗanyar albasar da ta rage da tattasai kashi biyu su fara shiga ƙasa, a barbaɗa gishiri kaɗan da masoro da origano. A jera sosej a kai. A juye abin da ke kasko, sannan markaɗaɗɗen tumatir. Kada tukunyar ta wuce kashi biyu cikin uku, kada kuma ta gaza rabi.

A nan ne hannu zai yi ta ƙaiƙayi. Za ki leƙa ki ga kamar ba ruwa, zuciya ta ce ƙara kofi ɗaya kada ya ƙone. Kada ki ƙara ko ɗigo. Tattasai da albasa kusan duk jikinsu ruwa ne, cikin awa biyu za su sake shi har ya kusa rufe naman. Ranar da na fara, ruwa kofi biyu na zuba irin na miyar gida, abin da na samu farfesu ne tsululu. Haka ma gishiri da dunƙule, a yi hankali: sosej ya riga ya ji gishiri kuma zai saki a cikin miya. Ni ba na sa dunƙule sai na ɗanɗana a ƙarshe.

6. A rufe a kunna. A jikin tukunyar akwai Low da High da Warm. A kan Low awa 5 zuwa 6, a kan High awa 2 da rabi zuwa 3. Na fi son Low, naman ya fi laushi kuma miyar ta fi haɗuwa. Warm ba na girki ba ne, na riƙe zafin abin da ya riga ya dahu ne, kada a yi kuskuren fara dahuwa a kansa. Sosej ɗin kaza da na talo-talo ba su da kitse sosai, kada su wuce awa 4 zuwa 5 a Low. Sannan a bar murfin nan ya huta. Duk buɗewa ɗaya zafin da ya taru ne ke ficewa, sai tukunya ta ɗauki kusan minti ashirin kafin ta farfaɗo. Babu abin da zai kama, ba sai an juya ba.

7. Tattasai zubi na biyu. Saura minti 45 a sauke, ki buɗe da sauri ki zuba tattasan da kika ware, ki ɗan nutsa shi cikin miya, ki rufe. Na farkon ya riga ya narke ya ba miya zaƙi, wannan shi zai fito da launinsa kuma a ji shi a baki. Mai son yaji na gaske, yanzu ne lokacin jefa attarugu guda ɗaya. Ni ba na yanka shi, ina ɗan huda shi ne kawai in jefa, in tsame kafin a zuba, saboda yara.

8. A duba nuna, a gyara ɗanɗano. Da ma'auni, tsakiyar sosej na saniya ko rago ya kai digiri 71, na kaza ko talo-talo 74. A ma'aunin da Amurkawa ke amfani da shi, 160 da 165 ke nan. Babu ma'auni, a yanka mafi kauri a tsakiya: kada a ga ɗanyen nama, ruwan da zai fito ya zama garai. Ki karkata cokali ki kwashe man da ya taso. Ki zuba khal, ki juya a hankali, ki ɗanɗana, sai ki ƙara gishiri idan da buƙata. Idan miyar ta yi ruwa, ki cire murfi ki mayar High minti 20 zuwa 30. Wadda ke sauri ta tsame nama da tattasai, ta juye ruwan a kasko ta tafasa shi minti biyar ya yi kauri. Ɗanyen ganyen basil da aka yayyaga a kai yana ƙara ƙamshi. Ɗoɗɗoya 'yar'uwarsa ce amma ta fi shi ƙarfi, ganye uku ko huɗu sun isa.

Maganar wuta

Masu saye a nan Amurka su aika gida, ku duba lantarkin. Tukunyar da aka yi don Amurka ta bolt 120 ce, wutar Najeriya da Nijar da Ghana kuwa tsakanin 220 ne da 240. Aka jona ta kai tsaye, ta ƙone ke nan. Sai an haɗa da na'urar rage ƙarfin wuta, ko a sayi irin ta Ingila. Ba ta da cin wuta, yawancinsu wat 200 zuwa 300 ne, don haka sola mai ɗan ƙarfi tana iya riƙe ta.

Matsalar ita ce ɗaukewar wuta a tsakiyar girki. Idan kina gida kin ga lokacin da aka ɗauke, ki juye komai a tukunyar ƙarfe ki ƙarasa a kan gas ko gawayi nan take. Kada ki ɗora kwanon tangaran ɗin a kan wuta, fashewa zai yi, haka kuma idan aka zuba masa ruwan sanyi yana da zafi. Idan kuwa kin fita kin dawo kin tarar an ɗauke, ba ki san tun yaushe ba, abincin ya yi ɗumi-ɗumi, to haƙuri za a yi a zubar, ko da ya yi kama da ya nuna. Niƙaƙƙen nama ba abin yi wa ganganci ba ne. Inda wuta ba ta da tabbas, ban ba da shawarar a kunna a fita ba.

Wadda ba ta da tukunyar gaba ɗaya, ba abin da ya ɓaci. Ta bi matakai na 1 zuwa 5 a tukunya mai kaurin gindi da murfi mai kamawa, ta rage wutar gas zuwa can ƙasa, ko ta bar gawayi ya ci ya yi toka-toka. Minti 45 zuwa awa ɗaya ya isa, tattasai na biyu ya shiga saura minti 15. Bambancin kawai, a nan ruwa yana ƙafewa, sai ta riƙa leƙawa tana ƙara romo kaɗan-kaɗan. A oben kuma, tukunya a rufe, digiri 160 a ma'aunin Salsiyos, awa ɗaya da rabi.

Da me ake ci

Yadda masu abin suke ci shi ne a dogon burodi mai ɗan tauri a baya. A tsaga shi kada a raba, a ɗan gasa cikin, in ba haka ba miya za ta jiƙa shi ya wargaje a hannu. A sa sosej ɗaya, a ɗebo tattasai da albasa da cokali mai huji don ruwa ya tsane, a ɗora cukun provolone ko mozzarella idan ana so. Dogon burodin nan na Faransawa da ake sayarwa a Yamai da Maradi ya dace sosai. Burodinmu mai laushi da zaƙi ba ya jurewa, sai dai a yi dangwale da shi. Ana yanka sosej ɗin a juya da taliya, ana kuma cinsa da polenta, wadda kusan tuwon masara ce mai ruwa-ruwa. A gidana dai farar shinkafa ce ta yi nasara, maigidan ya ce burodi ba abincin dare ba ne.

Abin da ya rage a kwashe shi daga kwanon tangaran, domin yana riƙe ɗumi ya daɗe, a zuba a roba marar zurfi a sa a firij kafin awa biyu, ko awa ɗaya idan garin da zafi. Yana kwana uku zuwa huɗu a firij, a firiza kuma wata biyu zuwa uku, sai dai tattasan zai ƙara laushi. Wajen ɗumame a yi shi a kasko har ya tafasa, kada a mayar da shi tukunyar lantarkin, tana jan lokaci kafin ta yi zafi. Idan sosej ya ƙare miya ta saura, washegari da safe ki tafasa ta a kasko, ki fasa ƙwai uku a kai, ki rufe minti biyar.